Saƙon da Gwaggonka Ta Ƙi Kaiwa

Maska, Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya. Allah ya sa ka sauka Zariya lafiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da na mutum, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka zauna. Na san sai ka zazzage jaka za ka ga takardar nan, don zan tura ta can ƙasa, ƙarƙashin garin kunu da ƙuli-ƙulin da innarka ta ƙulla maka. Da gangan na yi. Ba na so ka karanta ta a tasha ina tsaye, mu rasa inda za mu ajiye idanunmu.

Tun da na dawo masallaci yau na kasa zama wuri ɗaya. Na share zaure, na gyara dangar da ba abin da ya same ta, na ba san nan namu Goshi ruwa har sau biyu, sai da ya ɗago kai yana kallona. Murna ce, wallahi, murna zalla! Shekara huɗu kana cikin ɗakin nan na kusa da rumbu, kai da waya da katifa, kana jiran takardar ɗaukar aiki da ba ta zo ba. Yau ga jakarka a ɗaure, gobe Alhamis za ka tafi koyon gyaran injin ban-ruwa na sola. In na tuna sai in ji kamar in fita bakin titi in riƙa tsayar da masu mashin ina ba su labari.

Amma ƙarƙashin murnar akwai tsoro guda ɗaya, kuma shi ya zaunar da ni rubutu. Zariya ba nisa. Mutum zai karya kumallo a can ya yi azahar a Maska. Ka taɓa tafiya Kaduna, mako uku ka dawo ka ce abincinsu bai karɓe ka ba, ka koma ɗaki ka ja labule. Ba na so a maimaita. Ba kuma zan ɗora maka laifin duka ba, don zaman nan da ka yi ni na koya maka shi. Bari ka ji yadda aka yi.

Ka san na yi akawun auduga. Lokacin kana ƙarami, in kaka ta yi, ni ne a gaban sikeli da biro a kunne, manoma na layi suna “Malam Isiyaku, a duba mu.” Da harkar auduga ta ja baya aka ce mu koma gida, sai na koma gidan da jikina kawai, raina na can gaban sikeli. Na sami wuri a majalisar gindin dalbejiyar bakin titi, na zauna. Da damina in ɗan taɓa noma, da rani kuwa daga hantsi zuwa la'asar ina kan bencin nan, muna gyara gwamnati, muna ƙirga motocin da ke wucewa Funtuwa. Kome aka ce in yi sai in ce bari dai a ga bayan kaka. Kakar ta zo ta wuce, in ce ai sai ruwa ya sauka. Sama da shekara goma na yi a haka. Tumbi ya fito, ƙafa ta fara kumbura, in na sunkuya ɗaura takalmi sai na huta kafin in miƙe, ni kuwa ina cewa girma ne ya zo.

Sa ne ya tona mini asiri. Ka san tsarinmu da Malam Bitrus maƙwabcin gonarmu: shi sa ɗaya, ni sa ɗaya, in damina ta faɗi mu haɗa su a karkiya, yau a yi huɗa a gonarsa, gobe a tawa. To, ranin shekaru biyu da suka wuce na ce zan nuna wa Bitrus yadda ake kiwo. Na ɗaure Goshi a turke, harawa, dusa, kanwa, ba abin da bai ci ba. Ya yi ɓul-ɓul, fatarsa na sheƙi, mutane na leƙowa suna masha Allah. Shi kuwa san Bitrus duk ranin yana jan amalanke, yau taki gobe yashi, har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ina ganinsa ina tausaya masa a raina.

Ranar huɗar farko aka ɗaura musu karkiya. Layi biyu aka yi, a na uku Goshi ya durƙusa, ya kwanta shame-shame a tsakiyar gona yana haki. Na ja igiya, na murɗe wutsiya, na yi masa tsawa, ko gezau. Da na yunƙura zan ɗaga shi sai ni ma jiri ya ɗebe ni, na zauna daɓas a gefensa. Bitrus ya dafa garma ya yi dariya har da hawaye.

Ya ce, “Akawu, to wanne zan fara tayarwa, kai ko shi?”

Na ce, “Bitrus, ba na son wasa. Sammu aka yi wa san nan.”

Ya ce, “Wane irin sammu? Wata shida ka ɗaure shi yana ci yana kwanciya, yau ka ce ya ja garma. Ai ya ma yi ƙoƙari. Kai da shi turkenku ɗaya, naka dai yana gindin dalbejiya.”

Na ji haushin maganar nan kwana uku cur. A na huɗu na je asibiti, aka auna ni aka ce jinina ya hau, aka ba ni magani, ma'aikaciyar ta ce, “Baba, ka riƙa tafiya da ƙafa.” Da damina ta wuce sai na yanke shawara: kullum in an sallame asuba gari ya yi haske, in kwance Goshi mu taka har fadama mu dawo. Ranar farko ko rabi ba mu kai ba, ni ina haki shi yana haki. 'Yan majalisa suka samu abin yi, suka ce Akawu ya fara kai sa makaranta. Na bar su da bakinsu. Cikin wata biyu ina zuwa fadama in dawo ban tsaya ba, wandunan da na ajiye suka koma shiga ta, barci ya dawo mini, har abinci ya sake ɗanɗano. Ban san haka jikin mutum yake da saurin yafiya ba!

Saboda haka ka kula da jikinka a can. An ce daga masaukinka zuwa shagon da za ka koyi aikin tafiyar rabin awa ce. Ka taka da ƙafarka, safe da yamma. Duk ranar da ka farka ka ji zuciya na cewa yau dai a huta, to ranar ce za ka fi saurin sa takalmi. Kada ka tsaya shawara da ita a kan katifa, a nan take da ƙarfi. Ka fita tukuna, in ya so ku yi gardamar a hanya. Ka ci abinci a kan lokaci ko da bai kai na innarka ba, kuma ba zai kai ba, tun yanzu ka sani.

Kuskurena na biyu ya fi wannan muni, don a kai yake. Gonar dawarmu ta gabas, wadda ciyawar wuta-wuta ta cinye, ka tuna yadda take yin jajawur da furanni dawa kuwa ta tsaya iya gwiwa? Shekara uku Bitrus na ce mini, “Akawu, ka huta wa gonar nan da dawa, ka sa waken suya ko gyaɗa, ka riƙa juyawa.” Ni kuwa ina jin sa ina kau da kai. Ka san dalili? Don lokacin da nake gaban sikeli, Bitrus dako yake yi, shi ke ɗora buhunan auduga a mota. A raina, yaya wanda na riƙa cewa ɗauki wancan, ajiye wannan, zai koya mini noma? Na zauna da girman kaina, wuta-wuta ta zauna da gonata. Sai bayan abin da ya faru da Goshi na je har gidansa na ce, “Bitrus, maganar waken nan, yaya ake yi?” Bai yi mini gori ba. Ya shiga ɗaki ya ɗebo mini iri a kwano, ya zauna ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ka dai ga abin da gonar ta yi bana.

Da a gona girman kan nan ya tsaya da da sauƙi. A kanka ya sauka. Shekarar da ka gama difloma, ka ce za ka bi abokinka zuwa garin Danja ku yi aikin tumatir na rani kafin aiki ya fito. Na aika aka ce maka ɗan akawu mai difloma ba zai je ya ja tiyo a lambun wani ba. Na sa takardarka a gilashi na rataye a zaure, duk baƙon da ya zo sai na nuna masa. Na ce ka zauna, aiki na nan tafe. Ka zauna. Da ka dawo daga Kaduna ma, in gaya maka gaskiya, daɗi na ji a ɓoye, don ban so a ce ɗana na tsaron shago ba. Na ciyar da kai, na tufatar da kai, na hana ka motsi, daidai yadda na yi wa Goshi. Ranar da na gane haka ina tafe a hanyar fadama ne, sai da na tsaya na dafa bayan san.

Mutumin da za ka zauna a ƙarƙashinsa, surukin Bitrus da ya samo maka wurin ya ce ko sakandare bai gama ba. Zai aike ka sayen shayi, zai sa ka share shago, wata rana ya yi maka faɗa gaban mutane. Ka shanye. Abin da ke cikin kansa ka je ɗauka, kuma ba a ɗaukarsa da hannu a aljihu. In ba ka gane abu ba ka ce ban gane ba, ko sau biyar ne. Ka sayi ƙaramin littafi, kullum kafin magariba ka rubuta abu ɗaya da ka koya ranar, ko da sunan wata wayar wuta ce. Wayar hannunka kuma da ta cinye maka shekara huɗu, ka sa ta biya: an ce akwai masu koyar da gyaran nan a cikinta, su za ka riƙa kallo. Takardar diflomarka tana nan a zaure, ba wanda zai taɓa ta. Na dai daina nuna wa baƙi.

Yanzu sai na uku, wanda tun ɗazu nake kewaye-kewaye don kada in iso gare shi.

Kai ne ɗan fari. Yadda muka taso, uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Innarka ma haka, ta ma fi ni. Iyayenmu ba don ƙiyayya suka yi ba, kunya ce da kara, kuma ban ce a zubar da su ba. Amma ni na ɓuya a bayansu. Shekara huɗu ina ganin kana ramewa, ka daina fita, ka daina aski, in an kai maka tuwo ya dawo rabi. Duk ina gani. Abin da na iya kawai shi ne in je wurin yayata, Gwaggonka Asabe, in ce, “Yaya, a faɗa wa wannan yaron ya riƙa fitowa yana shan iska.” Ita ta kai maka, kai ka ce to, ta dawo ta ce ya ce to. Tsakanin ɗakina da naka taku goma sha biyu ne, na ƙirga, amma sai maganata ta zagaya ta ɗakin Gwaggo.

Ranin da ya wuce, wata safiya na same ta tana tsince wake a faifai. Na ce, “Yaya, a faɗa wa wannan yaron…”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Wane yaron? Gidan nan yara da yawa.”

Na ce, “Haba Yaya, kin san wanda nake nufi.”

Ta ce, “Ban sani ba. Isiyaku, ni na gaji da zama gidan waya, yau na rufe. Ƙafarka da ke kai sa fadama ta kai ka ƙofar ɗanka.” Sai ta ajiye faifan ta dube ni. “Ni 'yar fari ce, ko ka manta? Baba ya rasu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Na san yana sona, kowa ya faɗa mini. Amma ga ni da furfura, har yau in na tuna sai in ji da ma sau ɗaya ya ce Asabe. Tashi ka ba ni wuri.”

Ban taɓa ganin idon Yaya ya kawo ruwa ba sai ranar. Na tashi, na yi takun nan goma sha biyu, na tsaya bakin labulenka. Na shirya magana mai tsawo. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Kai! Zo ka riƙe mini igiyar san nan, hannuna na ciwo.” Ƙarya ce, lafiyar hannuna lau, Allah ya yafe mini. Ka fito kana mutsuke ido, ka karɓi igiyar, muka tafi fadama muka dawo. Washegari da na fito sai na tarar har ka kwance Goshi kana jirana. Na juya kamar na manta hula, na koma ɗaki na yi hamdala.

Ka san sauran, amma bari in faɗa maka yadda na gan shi ta wajena. Mun fi wata muna tafiyar nan, maganarmu ba ta wuce “ja shi nan” da “bar shi ya sha”. Sai ranar da muka tarar da Bitrus a lambunsa ya yi tagumi gaban injin sola, albasa na neman bushewa, mai gyara ya ce sai jibi zai zo daga Funtuwa. Ka miƙo mini igiya. Ka tsuguna, ka bi wayar wutar da yatsa tun daga farantin sola har inji, ka gano inda ɓera ya ci, ka ari wuƙar Bitrus ka fere ka haɗa ka naɗe da leda. Ruwa ya yi tsalle daga tiyo ya jiƙe Bitrus har wuya! Ya yi ihu, “Akawu, ashe injiniya ka ɓoye a ɗaki!” Kai kuwa ka yi dariya, dariya sosai har haƙora waje. Rabona da ganin haƙoranka tun kana makaranta. Ni da ya kamata in ce madalla, sai na ce, “To, a tafi, rana na yi.” Duk hanyar dawowa ina bayanka ina murmushi kamar wawa, ba ka gani ba.

To ga abin da nake so ka riƙe. Ranar ƙunci za ta zo maka a Zariya, babu makawa. Za a yi ranar da za ka lalata kayan mutane, ogan ya zage ka, ka koma masauki ka ji duk duniya ba wanda ya san da kai. Nan ne zuciya za ta ce maka tasha ba nisa. Kada ka ja labule ka yi shiru, shirun nan mun gwada shi ni da kai, mun ga abin da ya haifar. Ka samu mutum ka faɗa masa. Ka yi abokai a masallacin unguwa da wurin ƙwallo. In kuma abin ya fi ƙarfin aboki, ka kira ni. Ni, ba Gwaggo ba. Na sa an nuna mini yadda ake ajiye lamba, taka ce ta farko. Wataƙila in ka kira in rasa abin cewa in tambaye ka ko an yi ruwa a can, ka yi haƙuri da ni, koyo nake. Kada dai ka kashe.

Sai kuma in sanar da kai wani abu, don kada ka ji a bakin wani. Gobe motarka na tashi, masarar bana za ta shiga ɗakinka. Na riga na yi magana da masu ɗauko ta, katifar kuma Gwaggo ta ce tana so. Innarka ta ce wannan rashin imani ne, na ce eh, na ji. Saboda haka in ka yi mako uku ka ji abincin Zariya bai karɓe ka ba, ka sani buhuna ne za su yi maka maraba, har rufi. Ba korarka na yi ba, gidan ubanka ne har abada. In Sallah ta zo ka taho, a yanka maka zakara. Amma a ɗakina za ka sauka, na sa an gyara gadon ƙarfen nan na gefe. Ka zo da littafin naka ka karanta mini abin da ka koya, ni ma in ba ka labarin Goshi, wanda na san zai yi kwana biyu yana waiwayen wanda ya saba riƙe masa igiya.

Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, ya ƙarfafa maka jiki, ya sanyaya maka zuciya. Allah ya sa hannunka ya zama mai albarka, duk injin da ka taɓa ya kawo ruwa. Ya tsare ka fita da shiga, ya kare ka daga mugun abokin zama, ya dawo mana da kai da sana'a a hannu. Innarka na gaishe ka, ko da yake ba za ta yarda ta ce ta ce ba. Ka yafe mini shekara huɗun nan.

Sau ɗaya na taɓa faɗin sunanka a duniya, ranar da aka miƙo mini kai a cikin zane na yi maka huɗuba a kunne. Ni na zaɓe shi, kuma shekara ashirin da bakwai ina jin daɗinsa a bakin mutane. Gobe a tasha ban san ko bakina zai iya ba, kada ka sa rai da yawa. Amma biro ya fi ni ƙarfin hali.

Ka sauka lafiya, Haruna. Ina alfahari da kai, Haruna, ɗana.

Ga shi na rubuta har sau biyu, kuma rufin ɗaki bai faɗo ba. In ka kira, ka ɗan jira ni a layi, zan gwada da baki.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Isiyaku